Burtali a Cikin Kwamfuta

Shekarar da ƙungiyar manomanmu ta Gaya ta ɗora mini buga sunayen masu karɓar irin gyaɗa a kwamfuta, sai da na rame. Iyakar karatuna firamare, bugun ma da yatsa biyu na koya. Duk wanda sunansa bai fito daidai ba, ba shi da iri, ga damina ta kawo kai.

Kwamfutar tsohuwa ce, ta ɗorawa a cinya. In an kira salla sai in rufe murfinta in tafi masallaci. In na dawo na buɗe, wani lokaci lafiya lau, wani lokaci in tarar layi guda ya rikiɗe ya zama wasu alamomi. Ranar da rabin sunan wata tsohuwa 'yar ƙauyen Balan ya ɓace, tuwo bai ciwu ba. Na zargi yatsuna, na zargi idona. Sai na shiga gwaji, kwana uku ina gwada kowane layi da takardar hannu. Muddin ban rufe murfin ba, ko wasali ba ya motsi.

Ranar kasuwar Ajingi na kai kwamfutar wajen taubashina, mai gyaran kwamfuta a Kano, da ya zo ganin gida.

Ya yi dariya ya ce, "Bawana, kai da ko tashar rediyo ba ka iya kamowa, me ka yi mata?"

"Rufe ta nake in tafi salla, ubangidan ƙarya."

Ya daɗe yana dubawa, dariyar ta ɗauke.

"Barci kake sa ta. Akwai ɗan tsarin da aka dasa mata tun daga kamfani, shi yake fara farkawa. Cikin magagi sai ya yi rubutu a farkon ƙwaƙwalwarta, inda ba gonarsa ba. Abin da ka ajiye a nan, ya tattake."

"To a cire shi."

"Ba ya ciruwa. Burtali za mu bar masa, kamar na shanu."

Ya umarci babban tsarin kwamfutar ya ware wannan gefen, kada ya ƙara ajiye komai a ciki. Ya miƙo mini, wai an gama.

Ban yarda ba. Na zaunar da shi a benci, na rufe na buɗe sau talatin, kowane karo ina karanta sunayen tun daga sama. Ko suna ɗaya bai rikiɗe ba. Yana ta tsine mini har motar Kano ta cika ta bar shi.

Ranar rabo na tsaya a bayan rumfa da takardata, ana kira ina bi da yatsa, har na ƙarshe ya amsa ya ɗauki buhunsa.