Ɗakin da Marta Ta Ba 'Yar Damagaram

Marta ba ta taɓa zama a aji ba, amma jami'a ta biyo ta har bakin gonarta.

An haife ta a wani ƙauyen Maguzawa a ƙasar Shanono, gidan da mata ke riƙe fartanya kamar maza. Tana da shekara goma sha biyu mahaifinta ya shiga addinin Kirista da iyalinsa duka, a nan ta samu sunan Marta. Ta auri Buwai, manomi a Unguwar Ɗorawa, can gefen titin Ɗambatta. Shekara talatin da ɗaya suna noma tare, shi yana huɗa, ita tana bin sa da iri. 'Ya'yansu biyu suka rayu, duka mata, ɗaya tana aure a Kano, ɗaya a Zariya. Da ciwo ya kwantar da Buwai ya ga ba tashi, ya sa aka kira mai unguwa da dattawa biyu, ya faɗa a gabansu cewa gida da rijiya da gonar bayan gida na Marta ne da 'ya'yanta.

Bayan rasuwarsa da shekara biyu wani attajiri ya gina jami'a mai zaman kanta a fadamar da ke gabas da unguwar. Sai kuma zamani ya tsananta. Taki ya fi ƙarfin talaka, kuɗin mota zuwa Kano ya ninka, mai gida ya shiga kasuwa da abin da a da yake cika buhu ya fito da ƙullin leda. Masu gina ɗakunan haya na ɗalibai suka shigo da motocinsu, mutane suka yi ta sayar da gonaki. Kafin damina uku gonar Marta ta zama ita kaɗai ce kore a tsakiyar bulo.

Yaro, ƙanin marigayi Buwai, shi ya fi kowa matsa mata. Ya riga ya sayar da tasa, kuma wani Alhaji Nababa mai bene a kusa yana son ya haɗa da tata.

"Marta, ke kaɗai kika rage," in ji shi wata rana, yana tsaye a bakin rijiya. "Kin tsufa. Wa zai nome miki ita?"

"Hannun da ya nome ta bara."

"Alhaji ya ce zai gina miki ɗaki mai siminti a wani wuri."

"Ka gaishe shi. Ka ce masa ba na cin siminti."

Yaro ya tafi yana gunaguni, ya dawo bayan sati biyu, ya sake tafiya. Haka suka yi ta yi.

Wata rana da kaka, ana gab da kiran azahar, Marta tana sussukar wake a tsakar gida, sai ta ji sallama. Wata budurwa ce siririya da hijabi ruwan toka, bayanta wani saurayi riƙe da jaka. Suka gaisa. Hausar yarinyar daban take, ta mutanen arewa da iyaka. Ta ce sunanta Safara'u, daga Damagaram ta ƙasar Nijar, ta samu gurbin karatun aikin gona a jami'ar nan, wannan kuma yayanta ne Muhammadu Sani, ya rako ta neman masauki. Ruwan alwala suke roƙo.

Marta ta ɗauko buta da tabarmar da take ajiyewa domin baƙi Musulmi. Da suka idar ta kawo musu ruwan randa da dafaffen rogo, ta tambaye su inda suka duba.

Tun safe suke yawo. Sun fara da ɗakunan kwanan cikin makaranta: mutum shida a ɗaki, an hana girki, sai dai kowa ya sayi abinci a kanti. Daga nan aka kai su benen Alhaji Nababa, mai tayil da fanka, amma ruwa sai an jira 'yan garuwa, ga samari a ƙasa sun ƙure kiɗa.

"Daga tagar benen na hango gonarki, Inna," in ji Safara'u. "Shi ya sa na ce mu biyo ta nan." Ta dubi ɗakin da ke kusa da rumbu, wanda ƙofarsa ke rufe da kwaɗo. "Wancan akwai mai kwana a ciki?"

Marta ba ta taɓa tunanin ba da haya ba. Ɗakin 'ya'yanta ne, tun da suka yi aure sai tarkace. Ta tashi ta buɗe. Ɗakin ƙasa ne mai rufin azara, da sanyi kamar an zuba ruwa. Safara'u ta shiga, ta shafa bango, ta leƙa taga, ta fito fuskarta a sake.

Muhammadu Sani kuwa idonsa na kan gicciyen katako da ke rataye a ƙofar ɗakin Marta. Ya ja ƙanwarsa gefe yana magana ƙasa-ƙasa.

"Ɗan nan," in ji Marta, "gidana ne, faɗi a gabana."

Ya juyo gare ta. "Inna, ki yi haƙuri. Baba ba zai yarda ta zauna a gidan da ba na Musulmi ba."

"To ji da kunnenka ka kai masa. Ni Kirista ce, ran Lahadi ina coci. Uwata ta dafa giya, ni ban dafa ba. Kazar gidan nan Malam Basiru maƙwabcina ke yankawa tun mijina yana da rai. Namiji ba ya wuce zaure sai da izinina. In ta zauna, sallarta tata ce, in kuma ta makara da asuba ni zan buga mata ƙofa. Ban roƙe ku ba, ku kuka shigo."

Safara'u ta ciro waya ta kira mahaifinta. Ta yi masa bayanin wurare ukun ɗaya bayan ɗaya, ba ta ɓoye komai ba, ta ce ita dai nan ta zaɓa. Can ta miƙa wa Marta wayar. Muryar dattijo ce mai nauyi. Ya tambayi katanga, ya tambayi rijiya, ya tambayi wa da wa ke shiga gidan. Daga ƙarshe ya ce, "Baiwar Allah, na ba ki amana."

"Na karɓa, Malam."

Magana ta tashi ta kowane ɓangare. A coci wata ta tare Marta ta ce, duk 'ya'yan 'yan'uwa da ke neman ɗaki sai ta ɗauko bare? Marta ta ce wanne ne a cikinsu ya zo ya yi mata sallama? A makaranta kuma wasu 'yan ajin Safara'u suka riƙa tambayarta ko tana cin abincin gidan. Ta ce tana ci, har tana neman ƙari. Hure, matar Malam Basiru, ita ce ta fara leƙowa da ƙwaryar fura don ta ga yarinyar da idonta, daga baya ta zama kullum tana gidan.

Da damina ta faɗi Safara'u ta fito da wani ƙullin iri da ta zo da shi daga gida, gero mai saurin nuna. Ta roƙi kunya huɗu a gonar Marta. Marta ta juya irin a tafin hannunta, ba ta yarda da shi ba, amma ta ba ta. Yarinyar ta yi ta auna tsawon kara da igiya tana rubutawa a littafi. Geron ya nuna tun na kowa bai fitar da kai ba, tsuntsayen unguwa kaf suka taru a kan kunya huɗun nan. Safara'u ta yini tana kaɗa gwangwani tana ihu da Faransanci, Marta tana zaune a gindin ɗorawa tana dariya har da hawaye. Rabin geron suka tsira da shi. Marta ta ce a ajiye mata na iri, baɗi za ta shuka shi a makare.

A cikin daminar nan aka rufe iyakar Najeriya da Nijar. Mota ta daina wucewa, saƙon da mahaifin Safara'u ke aikowa ta hannun wani direba ya tsaya, hutu ya zo ba hanyar gida. Wata safiya Marta ta same ta tana haɗa kaya, ta ce za ta raɓa da wata ƙawarta a cikin makaranta, don ba za ta zauna tana cin hatsin tsohuwa a wannan tsadar ba.

"Mahaifinki ya kira ni ya ce ya karɓi amanarsa?"

"A'a, Inna."

"To kwance jakar nan. Ga fartanya can, ciyawa ta cinye gyaɗa."

Ba a yi wata ɗaya ba sai ga takarda daga ofishin kula da ɗalibai. Safara'u ta karanta wa Marta: saboda halin da ake ciki, duk ɗalibin wata ƙasa ya koma cikin makaranta ko ɗaya daga gidajen da ofis ya amince da su. Gidan Marta ba ya ciki. An ma rubuta a ƙasa cewa ofis ya samu rahoton gidan kango ne, tsohuwa ce ita kaɗai, ba tsaro. Hure ce ta kawo sauran labarin: an ga Yaro ya shiga ƙofar makaranta a motar Alhaji Nababa.

Washegari Marta ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na zuwa coci, ta ce wa Safara'u, "Wuce gaba ki nuna mini ofishin."

Mai gadi ya tare ta a ƙofa ya ce ina katinta. Ta ce masa inda yake tsaye nan fadamar su Malam Basiru ce, ta tsinci kuɓewa a wurin tun ba a haife shi ba. Ya kauce. Suka hau matakala, Marta tana dafa bango saboda gwiwa, har ofishin wata mata mai tabarau, Hajiya Asama'u, wadda ke kula da masaukin ɗalibai. Ta nuna wa Marta kujera. Marta ta ce a tsaye za ta yi magana.

"Hajiya, ni ce mai kangon."

Hajiya Asama'u ta cire tabarau. "Inna, ba mu ce don mu ci miki fuska ba. Rahoto aka kawo mana, kuma yaran nan amana ne a hannunmu."

"A hannuna ma amana ce, ubanta ya ba ni da bakinsa. Wa kuka aika ya duba gidan?"

Ba a aika kowa ba.

"To ku da kuke da karatu, haka ake yi? A faɗa muku, ku rubuta? Gidan ba nisa, daga tagar nan taki ana hango ɗorawar. Taso mu je. In kin ga kango, ni da kaina zan ɗauko mata jakarta in kawo miki."

Hajiya Asama'u ta dubi Safara'u. "Ke fa, me kike so?"

"Na duba wuri uku kafin in zaɓa, Hajiya. Ko yau aka ce in sake, can zan zaɓa."

Matar ta yi ɗan murmushi, ta ɗauki mayafinta. Da ƙafa suka tafi, takalminta mai tsini yana nutsewa a laka. Ta zagaya katangar, ta leƙa rijiya, ta shiga ɗakin Safara'u ta ga littattafai a jere kan katakon da Marta ta kafa mata, ga gidan sauro, ga fitila mai aiki da hasken rana. Malam Basiru ya fito ya ba da shaida, Hure na bayansa tana ƙara abin da ya manta. Abu ɗaya Hajiya ta ƙi yarda da shi: makewayin gidan ba shi da rufi, ƙofarsa kuma buhu ne. Marta ta buɗe baki za ta yi musu, sai ta dubi buhun da kyau, ta fasa.

"Kwana nawa kika ba ni?"

"Sati biyu."

A kwana biyar ta gama. Ta sayar da tunkiya ɗaya ta sayi kwanon rufi da ƙofa, Malam Basiru ya buga mata. Ofis ya sa gidan a jerin waɗanda ya amince da su, da suna "Gidan Inna Marta".

Yaro ya zo bayan nan, ya tsaya a zaure yana kame-kame, wai shi tausayinta yake ji. Marta ta saurare shi har ya ƙare.

"Yaro, kai ƙanin Buwai ne, ƙofar nan ba za ta rufu gare ka ba. In yunwa ta kawo ka, akwai tuwo. In maganar gona ce, ka tsaya a titi."

Bai sake tayar da ita ba. Yanzu yana da shagon sayar da katin waya a bakin ƙofar makaranta, suna gaisawa in sun haɗu.

Da aka buɗe iyaka, mahaifin Safara'u ya zo da kansa, dogon mutum da rawani, ɗauke da dabino da cuku. Ya zauna a zaure shi da Malam Basiru, ya yi wa Marta godiya har ta gaji ta ce masa tuwo zai huce.

Safara'u tana shekararta ta ƙarshe yanzu. Ɗaki na biyu da Marta ta buɗe daga baya wata Sauda ce a ciki, 'yar Maraɗi mai karatun jinya, wadda ta zo da sunan gidan rubuce a takarda tun daga garinsu. Duk farkon zango ɗalibai na zuwa tambaya, Marta kuwa ta ce ita ma yanzu zaɓa take yi. Kwanan baya wata ta zo a motar haya da akwati uku, ta shigo ba sallama, abin jin kiɗa toshe a kunnuwanta, ta tambayi ko akwai injin wuta. Marta ta ba ta ruwa ta sha, ta raka ta har bakin hanya, ta nuna mata benen Alhaji Nababa.