Ƙwayar Ranar Juma'a

A shekarar da aka cire tallafin mai, kuɗin keke napep ya fi ƙarfina, na koma zuwa Kalambaina da ƙafa, inda nake fasa dutse. A hanyar nan ciwon ƙugu ya tsananta mini.

Likita ya ɗaga hoton ƙashina a gaban fitila. Ya ce jini ya daina isa kan ƙashin cinyata, ƙashin yana mutuwa a hankali, gefen hagu ya fi lalacewa. Ya rubuta ƙwaya ɗaya duk mako, ya ce wataƙila ta hana ƙashin rushewa. Ya yi bayani da sauri, na yi ta gyaɗa kai don kunya. Mai ba da magani ta rubuta mini ƙa'idojin da Hausa, na ninke takardar na sa cikin hula. Lokacin ban iya karatun boko ba, matata ma haka.

Matata ce ta karɓi aikin ba ni maganin. Ta zaɓi Juma'a don albarka. Bayan sallar asuba sai ta dama fura da nono mai kauri.

"Malam, wanga magani ba ka shan shi da ciki wayam. Kana so shi cinye maka hanji?"

In na haɗiye, sai ta shimfiɗa tabarma ta ce in kishingiɗa ya bi jiki. Wata biyar muka yi haka, ƙirjina na zafi, muna cewa ƙarfin magani ne.

Da na kasa zuwa aiki, na shiga ajin manya a Ƙofar Marke. Ranar da na fara haɗa baƙaƙe, takardar nan na ciro. Na bi ta da yatsa: a sha da ruwa zalla kafin a ci komai, ban da nono, kada a kwanta sai bayan rabin awa.

Na karanta wa matata. Ta ce, "To mi ya hana ka shiga makarantar tun bara?" Ta juya baya tana goge ido da mayafi.

Tun daga nan, duk Juma'a tana tsaye tare da ni a tsakar gida, agogo a hannunta, furar na jira a rufe.

Gefen dama ya tsaya, likita ya ce mu gode Allah. Na hagu ya rushe, sai tiyata. Na rasa ƙwaya ashirin, tsawon yatsa biyu a ƙafar hagu, da zaman tahiya a ƙasa.