Gwangwanin Maɓallan Sahura

Sahura tela, Allah ya jiƙanta, ta bar mu bayan damina. Duk wanda ya taɓa kai ɗinki unguwarmu a Dogon Dutsi ya san dariyarta, wadda ake jiyowa tun daga bakin titi.

Tana da wani wasa da take yi ita kaɗai. Ɗiyarta Ummu, da ke karatu a Yamai, ita ta ba ta labarin masu irinsa, Sahura kuwa ta mayar da shi nata. Ta yanka takardar buhun siminti, ta goge, ta ɗinke da kekenta, ta yi mata marfi da ragowar atamfa. A cikin wannan kaye, wato littafin rubutu, takan zama wata tsohuwa, Altine, mai rumfar shayi a hanyar Sukukutane. Bayan azahar, in zafi ya hana ɗinki, sai ta girgiza gwangwanin maɓallai, ta rufe ido ta zaro ɗaya. Fari, baƙo ya sauka rumfa. Ja, 'yar matsala ce, kamar akuya ta zubar da sukari. Kore kuwa kyauta. Abin da ya fito a kansa za ta ƙaga labari, ta rubuta da manyan baƙaƙenta, tana ƙyalƙyala dariya.

Wata rana maƙwabciya ta leƙo ta gan ta ido rufe, gwangwani a hannu. Kafin ranar kasuwa magana ta zaga gari cewa Sahura ta fara duba. Wata mata ta taso tun daga Kiyeshe, ta durƙusa gaban keke, wai a gaya mata inda tunkiyarta ta shiga. Wasu kuma suka aiko a karɓo musu yadinsu ba a ɗinka ba, don ba su son hannun mai duba ya taɓa kayan sallarsu. Wannan ya yi mata ciwo ƙwarai. Sunanta ake ɓatawa, kuma da keken nan take ci.

Sai ga ƙanen mijinta, Abdul'aziz, ɗan kasuwa mai tsananin riƙon addini, ya shigo fuska ɗaure.

"Matar Yaya, mi nike ji haka? An ce doguwa ka ba ki labari kina rubutawa."

"Zamna tukuna, ƙaramin miji. Sa hannu ka zaro."

"A'uzubillahi!"

"Har maɓallin wandonka na cikin gwangwanin, wanda ka ƙi zuwa in maida maka. Zaro!"

Ya zaro da yatsa biyu, kamar mai ɗaukar garwashi. Fari.

"Baƙo ke nan," in ji Sahura. "To, wa ya zo rumfar Altine?"

"Ni ina zan sani?"

"Ni ma ban sani ba. Da na sani ai da duba ne. Kai za ka ƙago shi."

Ya sosa gemu. "Mai raƙumi. Daga Tibiri. Da gero."

Ta rubuta. Ya sake zarowa, wannan karon ba a roƙe shi ba. Ja. Sahura ta ce raƙumi ya zura kai cikin rumfa ya shanye shayin.

"Haba! Raƙumina mai ladabi ne!"

Suna wannan gardama aka kira la'asar.

Da safe ya aro kayen, ya zauna ƙofar shagonsa yana karanta wa 'yan kasuwa da ƙarfi, har wani dattijo ya ƙware don dariya. Ya ce musu tatsuniya ce kawai, duk mai shakka ya je ya zaro da hannunsa. Kafin salla yadudduka suka fara dawowa, masu su na sunkuyar da kai, Sahura na auna su.

Ba wanda ya ƙara kiranta mai duba. Ranar jana'izarta, matan nan da suka taɓa janye kayansu sun zo da rigunan da ta ɗinka musu, mu duka muna kuka, muna tuna raƙumin muna dariya.