Makulli Ɗaya, Mutum Biyu

Kafin a kaɗa ƙararrawar safe, Baba Mai Makullai ya riga ya share bakin ɗan ofishinsa da ke mashigar ɗakunan kwanan ɗalibai. Sai ya yayyafa ruwa, ya jawo benci ƙarƙashin taga, ya zauna yana kallon allon katakon da ke bango. Ƙusa arba'in ce a jikin allon, kowace da lambar ɗakinta. In rana ta leƙo, makullan sukan yi ta ɗan walƙiya, in iska ta taɓa su kuwa sai ka ji wani kiɗa siriri, kamar yayyafi a kan rufin kwano. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana sauraron wannan kiɗan. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Kwalejin ƙarama ce, amma ga wanda ya baro gida jiya, ba ta da iyaka. Kowane ɗaki mutum biyu ne, kuma duk sabon shiga sai ya biyo ta gaban Baba. Zai miƙa maka katifa da bokiti, ya tambayi lafiyar mutanen gida kamar ya san su, sannan ya zaro makulli guda ɗaya tak, ya ce ku raba da abokin ɗakinka.

"Baba, ɗaya kawai?"

"Ɗaya ne, ɗana. Ƙofar ma ai ɗaya ce."

An yi ƙorafi, an kai ƙara sama, Baba sai murmushi. Dole sababbin ɗalibai su riƙa neman juna: kana ina da azahar, wa zai riga dawowa, jira ni a bakin aji. Kafin sati biyu ka san inda abokin ɗakinka yake zama, ka san abokansa, su ma sun san ka.

Wani malamin lissafi da ke koyarwa a nan yanzu, da bakinsa ya ba mu labarinsa, mu ma'aikatan kwalejin. Lokacin da ya zo sabo, Shiru ake ce masa, don kwana tara ya yi ba wanda ya ji muryarsa sosai. Abokin ɗakinsa kuwa Rediyo ne, mai surutu da dariya, kowa nasa. Shiru ya ga kowa ya saba, shi kaɗai ne baƙo. Ran kwana na goma ya ɗaure jakarsa. Motar da ke bi ta hanyar garinsu sau ɗaya take wucewa a rana, ƙarfe huɗu. In ya hau ta, ya bar karatu ke nan.

Uku da kwata ya ajiye makulli a kan teburin Baba.

Baba ya dubi jakar, ya dubi yaron, bai tambaye shi dalili ba. Da ɗan yatsa ya turo masa makullin.

"Allah ya kiyaye hanya, ɗana. Amma wannan ba nawa ba ne. Rabi naka, rabi na ɗan'uwanka. Sa masa a hannu, sai ka tafi."

"Baba, mota za ta wuce ni."

"To ka ɗaga ƙafa mana. Jakar bar ta nan, ba ta da ƙafar gudu."

Malamin ya ce yinin ranar kamar a mafarki yake tuna shi. Ya leƙa azuzuwa, kujeru na ta barci cikin hasken yamma. Ya shiga ɗakin karatu a karon farko, ƙamshin tsofaffin takardu ya tare shi. A filin ƙwallo wani ya ce, "Kai ne na ɗakin Rediyo ko? Ashe kana magana!" Matar da ke kicin ta nuna masa hanya da ludayi. Duk inda ya tambaya, sai ya tarar an san fuskarsa.

Can bayan tankin ruwa ya sami Rediyo, zaune shi kaɗai, ya rungume wani tsohon bargo da ya zo da shi daga gida, ido jawur.

Rediyo ya goge fuska da sauri. "In ka faɗa wa wani, wallahi sai na fasa maka baki."

Shiru ya tsaya da makulli a hannu. Daga nesa suka ji ƙahon mota, ta tsaya, ta jira kaɗan, ta ja.

"Me ka zo ba ni?" in ji Rediyo.

"Ba komai. Tashi mu je, na ga ka bar sabulunka a waje."

Da suka zo wucewa, Baba na gyangyaɗi a benci. Ido a rufe ya ce, "Mai jaka, ɗauke kayanka, sun tare mini hanya."

Baba, kai ne ƙofar da ba ta taɓa riƙe kowa da ƙarfi ba. Ba ka hau dandamali ka yi wa sababbi jawabi ba, sunanka ba ya cikin takardar bikin yaye ɗalibai. Waɗanda suka tafi duk da haka, ka raka su bakin titi, ka ɗaga musu hannu. Waɗanda suka zauna kuwa, yawancinsu har yau suna zaton da kansu suka zauna.

Makon jiya aka ce mu fitar da tsohon kabad ɗin ofishinsa, don wanda zai gaje shi ya sami wuri. Da muka ɗaga, wani abu ya yi kiɗa a ciki. Muka buɗe. Makullai arba'in ne jere a kan ƙusoshi, kowane da lambarsa, suna ƙyalli kamar jiya aka yanko su.

Malamin lissafi ya zaro na ɗaki mai lamba sha bakwai, ɗakinsu na da shi da Rediyo, ya daɗe yana juya shi a tafin hannu.

"Baba, ashe duk shekarun nan akwai na biyu?"

"Akwai mana," in ji Baba. "Da na ba ka shi ran nan, wa zai koya wa yaran nan lissafi?"

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka hutu mai sanyi, ya buɗe maka kamar yadda ka buɗe wa 'ya'yan mutane. Ku kuma da kuke tsaye a bakin wata ƙofa, ko ta makaranta ko ta wurin aiki, in baƙo ya shigo da jakarsa, ku sama masa dalilin neman wani kafin ƙarfe huɗu.