Shaddar Alhaji da Rigar Ceto

Mata, kada ku bari girman kai ya kashe muku miji!

Ranar Asabar Alhaji ya shigo gida da wandon aro, kaftaninsa na ɗiga a leda. Da yake sanyi ya ja baya, a ranar ne shi da 'yarmu Nafisa suka tafi wani tafki a kan duwatsu kamun babban kifin ruwan sanyi da ake kira trout, irin kamun da jirgin ruwa ke jan ƙugiya a hankali.

Na ce, "Nafisa, me ya faru?"

"Mama, Baba ya miƙe yana jan kifi, sai ya faɗa ruwa. Da farko ya ce ba zai sa rigar ceto a kan shadda ba. Na ce zan kira ki."

"Sai ya sa?"

"Nan take."

Mutumin da bai iya iyo ba! Rigar ce ta riƙe shi har mai jirgin ya jawo shi. Na zauna daɓas ina ta hamdala.

Shi kuwa cewa yake, "Hajiya, da kin ga girman kifin!"

Mai ganin na tsananta ya rubuta ra'ayinsa a ƙasa, wurin sharhi, amma doka ta zauna: a gidan nan babu mai ƙara shiga jirgin ruwa sai ya koyi iyo, har da maigidan.