Surukin Lawwali a Zauren Marubuta

Lawwali Magarya manomin albasa ne kuma marubuci, ko da yake in ka tambayi mutanen Magarya za su ce maka na farkon kawai suka sani. Shi da bakinsa yakan ce Allah Ya rufa asiri da ba alƙalami ke ciyar da gidansa ba. Tun yana sakandare a Wurno yake rubuta labaran soyayya, ba mai leƙa su sai gara.

Da babbar waya ta shigo hannunsa sai ya faɗa wani zauren Wasaf na marubutan Wurno, Rabah da Goronyo, wanda wata malama mai suna Mashkura ke shugabanta. Ƙa'idar zauren ita ce kowane marubuci yana da ranarsa: ya sako shafinsa, sauran su feɗe shi. To, mun dai san halinmu mu marubuta. Yawancin feɗewar ba ta wuce "Allah Ya ƙara basira" daga wanda bai kai layi na biyu ba. Lawwali ya san haka sarai, amma yabon na ratsa shi har ƙashi. A bakin fadama yake rubutunsa, injin ban-ruwa na ruri, kuma ba sau ɗaya ba ruwa ya ci masa fangali yana can yana neman abin da zai kwatanta idon budurwa da shi.

Ranarsa Asabar ce, labarinsa kuwa na Atiku da Salima. Duk tafiyar wuri guda ta nufa: ranar da Atiku zai buɗe baki ya ce wa Salima yana sonta. Lawwali ya daɗe yana tanadin kalaman, ya ƙudurta cewa wannan shafin ne zai nuna ko shi marubuci ne ko kuwa ya koma wa albasarsa.

Ana gab da zuwa wurin sai Mashkura ta shigo da sabon mutum: Malam Yusha'u na Rara, tsohon malamin firamare, mahaifin Adawiyya matar Lawwali. Wannan dattijo ne da Lawwali bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa ambatar sunansa ba, tun daga nesa yake cire takalmi. Lawwali ya ce da ya ga sunan a waya, bai san lokacin da ya durƙusa a tsakiyar gona ba, ba kowa a wurin sai injin.

Daga nan Atiku ya shiga uku. Ya je ƙofar gidan su Salima da niyyar fasa ƙwai, sai ya ɓuge da tambayar lafiyar awakinsu, ya yi mata nasiha a kan haƙƙin maƙwabta, ya juya gida. Mako na gaba Lawwali ya tura Salima biki garin Gandi. Na bayansa ya kwantar da Atiku da zazzaɓi. Da ya warke, ya sake kwantar da shi.

Abin takaicin, dattijon ne kaɗai ke karanta shafin har ƙarshe. Ba ya kiran sunan Lawwali, sai dai ya rubuta, "A tambai mai labari, mi ah hana yaron ga zuwa asibiti?" Lawwali ya ji daɗin samun mai karatu na gaske, ya kuma ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Mashkura ce ta fara gajiya. Ta rubuta a bainar zaure, "Lawwali, mi as samu Atiku? Kullum shina gaisuwa awa mai neman ƙuri'a. In bai yi magana Assabat ɗin ga ba, mu ba wani ranakka."

Ran Juma'a Lawwali ya wuni yana rubutawa yana gogewa. Da ya sa "Salima, ina son" sai ya ga farin gemun surukinsa a fuskar wayar, yatsansa ya ƙi motsi. Har ya fara shawarar kashe Atiku kowa ya huta.

Da safiyar Asabar ya buɗe zauren, ya tarar Malam Yusha'u ya fita, ba sallama. Yana tsaye yana kallon wayar, sai Adawiyya ta ajiye masa kunu.

"Baba ya kira ni," in ji ta. "Yac ce in hwaɗa maka ya ba ka wuri. Yac ce ɗiyan ga sun wahala, a bas su su yi magana."

Lawwali ya yi dariya har ya ƙware. Ita ba ta yi ba.

"Tun rasuwar Inna ba shi da wurin hira sai zauren ga," ta ce. "Nan yaka wuni. Shi na yar roƙi a sa shi."

A ranar Atiku ya yi magana, kuma ya yi ta da kyau. Zaure ya cika da yabo, har waɗanda ba su saba ba suka karanta. Lawwali ya samu abin da ya daɗe yana nema, amma bai ji daɗinsa ba, domin ya san wanda ya biya masa shi.

Yana nan a Magarya yana noma yana rubutu. Duk Asabar da yamma dattijon kan kira Adawiyya, ya tambayi jikoki, sannan ya ce, "To, ina labarin waɗancan yaran?" Ita kuma ta ba shi abin da ya dace uba ya ji daga bakin 'yarsa. Lawwali na gefe yana saurare, yana son ya ce, "Baba, ka komo." Har yau bai samu bakin faɗa ba.