Clarrie Dunstan Ya Tsallake Kogi Saboda Koriyar Riga

Clarrie Dunstan mijin yayata ne, marigayiya Beryl, kuma tun ranar da ya fara zuwa zance gidanmu da takalmi mai warin tumaki nake tsokanarsa. Askin tumaki ya yi duk ƙuruciyarsa, daga wannan gona zuwa waccan, har bayansa ya lanƙwashe. Da ya ajiye almakashi sai ya koma kula da filin ƙwallonmu na Warrabin, ƙwallo irin tamu ta Ostareliya da ake bugawa da ƙafa a cafke da hannu. Shi ke yanke ciyawa, shi ke zana layi da farar ƙasa, shi ke ɗaura katifu a jikin sandunan gola ranar Asabar don kada yara su fasa kai. Ni kuma ina rumfar abinci ina gasa nama ina cusawa a burodi, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a gabana aka yi shi.

A Warrabin aka haife shi, a gaɓar arewa ta kogin Murray, ɓangaren jihar New South Wales. Amma zuciyarsa tana can kudu da kogi, birnin Melbourne na jihar Victoria, wurin Masu Koriyar Riga. Mu mutanen bakin kogi ba ma zaɓar ƙungiya, gadonta muke yi kamar hanci. Uban Clarrie ɗan Kore ne, kakansa ma haka. Ƙungiyoyin Sydney kuwa, duk da jiharmu ɗaya, kallon baƙi muke musu. Wadda Clarrie ya fi tsana a cikinsu ita ce mai riga ruwan hoda. Ya ce ko tunkiya aka sa wa rigar nan sai ta ji kunya.

Jikarsa Shae a hannunsa ta tashi. Uwarta, 'yar Clarrie, ta tafi aikin haƙar ma'adinai can yamma tun yarinyar tana rarrafe, sai dai waya. Da Beryl ta rasu, Allah ya ji ƙanta, Clarrie ya zama shi ne uwa shi ne uba. Ɗaure mata gashi yake yi kamar mai ɗaure bakin buhu, abincinsa kuma ba ya wuce ƙwai da dankali. Amma ƙwallo kam ya koya mata. Kullum da yamma suna bayan gida, yana sa ta buga da dama ta buga da hagu, ta tsallakar da ita saman bishiyar lemon tsamin Beryl. Kafin ta cika sha biyar tana buga wa manyan matan garinmu. In ƙwallo ta tashi sama, sai ka ga Shae ta taka bayan wata ƙatuwa ta cafke ta da hannu biyu, ta sauko tana ba da haƙuri.

Wata Asabar wani saurayi mai suna Gavin ya zo daga makarantar ƙwallo ta Masu Ruwan Hoda. Ya sayi burodi a wurina, ya jingina da shinge yana kallo har aka tashi. Sannan ya nufi Clarrie, wanda ke kwance katifu.

"Baba Dunstan, yarinyar nan fa tamu ce."

"Taku? Yaushe kuka haife ta?"

Gavin ya yi dariya, ya yi bayani a hankali. An raba ƙasa tsakanin manyan ƙungiyoyi, kowacce da yankinta. Duk yaron da ke zaune a gaɓar arewa, makarantarsu ce za ta horar da shi, in ya isa ɗauka kuma su ne ke da haƙƙin farko a kansa.

"To in ba na so fa?"

"Ai ba dole, Baba. Amma babu wata makarantar da ke da izinin taɓa ta a nan."

Clarrie ya daɗe yana kallonsa da igiya a hannu. Abin ya ɗaure masa kai. Shi dai a saninsa yaro na bin ƙungiyar gidansu ne, ba ta taswira ba. Ya ce wa Gavin ya gaida gida.

Da a nan aka tsaya da sauƙi. Sai Norm Haddrick, wanda bai taɓa cewa bai sani ba tun da uwarsa ta haife shi, ya gaya masa a mashaya cewa tsallaken gada, garin Kellock da kewaye a jihar Victoria, yankin makarantar Masu Kore ne. Kuma gaskiya Norm ya faɗa, abin da ya ƙara dagula lamarin ke nan. Clarrie ya shigo kicin ɗina washegari idonsa na ƙyalli.

"Merle, zan sayar da gida."

"Wane gida?"

"Gida nawa gare ni? Zan koma Kellock. Da mun kwana can, Shae ta zama ta Kore."

"Gidan da Beryl ta mutu a ciki za ka sayar saboda launin riga? Kai, tsufa ne ko rana ce ta buge ka?"

"Ke dai gasa namanki. Wannan maganar ƙwallo ce."

Na tambaye shi ko ya bugo wa Masu Kore waya ya ji ta bakinsu. Ya ce mutum ba ya roƙon danginsa su zo su ga jikarsa, da kansu za su zo. Ni ma a gaskiya ban fahimci wannan rabon ƙasar ba, sai dai jikina bai ba ni ba. Na juya ga Shae, wadda ta biyo shi, ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Ni dai a bar ni in buga, Inna Merle. Duk inda Kaka ya ce."

Aka sayar wa wasu ma'aurata 'yan birni. Clarrie ya sayi wani ƙaramin gida a Kellock kusa da wurin gyaran taya, ba bishiya, ba bayan gidan kirki. Daga tagarsa kana hango hasumiyar ruwan Warrabin. Shae ta koma buga wa matan Kellock, waɗanda muka yi shekara da shekaru muna zagi ta kan shinge. Clarrie ya shiga jira. Duk baƙuwar motar da ta tsaya bakin fili sai ya gyara hula. Sanyi ya shigo sosai, kakar wasa ta yi nisa, shiru kake ji.

Sai ranar da Kellock ta karɓi baƙuncinmu, na bi 'yan garinmu na tsallaka. Ga wata mata da koriyar jaket tsaye ita kaɗai, sunanta Bronwyn. Clarrie ya sayi shayi kofi biyu, ya ja ni muka je.

"'Yata, kin dai zo. Ga ta can, mai lamba tara. Jikata ce."

"Na gan ta, Baba. Wallahi ta iya. Amma ni waccan na zo gani." Ta nuna wata siririyar yarinya da iyayenta suka zo daga Sudan.

"To ki haɗa su biyu mana. A Kellock muke zaune yanzu, yankinku."

Bronwyn ta ajiye kofin a kan shinge. Daga yadda ta dube shi na san akwai magana.

"Baba, makarantarmu ba irin ta Sydney ba ce. A nan Victoria ƙwallon nan ta riga ta zauna, kowane gida ana buga ta. Shi ya sa ba a yarda mu ɗauki kowa ba, sai 'ya'yan 'yan asalin ƙasa na tun kafin zuwan Turawa, ko yaron da aka haifi uwarsa ko ubansa a ƙasar waje. 'Yan Sydney ne aka bar wa kowa da kowa, don can wasan bai kafu ba."

Clarrie ya gyara hula. Can ya ce, "Kakana daga Ingila ya zo. A jirgin ruwa."

"Ya yi nisa, Baba."

"Da akwatinsa ma, yana nan."

"Uban yarinyar fa, ina aka haife shi?"

"Wannan shashashan? Asibitin Warrabin, ni na kai uwarsa a mota."

Clarrie ya sake ɗauko zancen daga farko, kamar mai neman inda zare ya tsinke.

"Tsaya in gane. A can, inda ba na so, suna so. A nan, inda nake so, ba ku da izini."

"Haka ne."

"Amma nan yankinku ne."

"Yankinmu ne."

"To ita ta wace ce yanzu?"

"Ba ta kowa ba ce. In ta kai sha takwas za ta shiga sahun kowa da kowa, ƙungiyar da rabo ya faɗa wa ta ɗauka, ko ta Perth ce, can ƙarshen yamma. In an ɗauka ke nan. Yaran da ba su samu horon makaranta ba sukan sha wuya."

Ashe Shae tana bayanmu, an tafi hutun rabin lokaci, ɓawon lemo a hannunta. Ta koma fili ta buga wasan da ban taɓa ganin ta buga marar kyau irinsa ba, ƙwallo na zuwa tana zamewa daga hannunta. Ni kuwa raina ya ɓaci har na kasa tsokanar Clarrie, abin da bai taɓa faruwa ba. Garin gyaran gira ya tsone ido, kuma ba nasa idon ba.

Kwanaki ya yi yana zagaye da maganar. Ya je wurin Norm, Norm ya ce ai shi yanki ya ce, bai ce makaranta za ta ɗauka ba. Ya zo wurina ya zana kogi a kan tebur da cokali, ya sa gishiri a arewa, sukari a kudu, ya ce in nuna masa inda ya kauce. Na ce bai kauce a taswira ba, tambaya ce bai yi ba. Ya ce shekara saba'in yana bin mutanen nan, ta yaya za a ce jininsa ba ya cikin lissafinsu?

Ni na nemo lambar Gavin na buga masa. Yaron kirki ne, bai yi dariya ba. Ya ce ƙofa a buɗe take, amma sai Shae tana kwana tana tashi a gaɓar arewa, a gidan dangi na jini, ba na ƙarya ba. Clarrie ya sa gidan Kellock a kasuwa, ba wanda ya ko leƙa. 'Yan birnin da suka sayi nasa sun riga sun rushe kicin suna gini. Gidan dangi ɗaya ya rage a Warrabin, nawa, kuma ɗaki ɗaya gare ni bayan nawa. Na ce ya zo ya kwana a falo, ya ce bai tsufa da zama ɗan alfarma a gidan ƙanwar matarsa ba.

Shi da kansa ya kwaso kayanta a bayan mota. Ya shigo da jaka, ya nuna mini yadda take son ƙwanta, kamar ni ban taɓa soya ƙwai ba. Shae ta rungume shi a bakin ƙofa ta ce, "Kaka, gada ce kawai fa." Ya ce ya sani. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai ranar.

Da kakar wasa ta zagayo, aka sa Shae a wasanta na farko da makarantar, a wani gari da ke arewa da mu. Al'ada ce, kafin sabon ɗan wasa ya fita, wani nasa ya miƙa masa riga a ɗakin sauya kaya, ya ce wani abu a gaban kowa. Shae ta ce kakanta take so. Na ɗauka zai ƙi. Sai ga shi ya zo da kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da ita.

Yara suka yi da'ira, ɗakin duk warin man shafawa. Gavin ya miƙa masa rigar. Clarrie ya riƙe ta da yatsu biyu, ya juya gaba, ya juya baya, ya duba wuyanta. Aka yi ta jira.

"Ni dai," ya ce, sai ya tsaya. "Ni na sayar da gidan kakarki don kada ki sa wannan abin. Har yau ban gane yadda aka yi ba." Wasu yara suka fara dariya, suka ga ba wasa yake ba, suka haɗiye. "Tana bugawa da ƙafa biyu. Kada ku bari ta manta da hagun. Ɗaga hannu, ke."

Ta ɗaga, ya zura mata rigar ta ka, ya ja ta ƙasa ya daidaita kafaɗun. Aka tafa. Ta buga wasa mai kyau ranar, ta ci biyu, ɗaya da hagu. Clarrie yana tsaye bakin shinge bai san abin da zai yi da bakinsa ba, don duk kirarin da ya iya na Kore ne.

Da la'asar ya sauke mu a ƙofar gidana. Shae ta sumbaci kumatunsa ta ruga ciki da rigar a jikinta, tana son kiran uwarta. Na tsaya ɗaukar kwandona a kujerar baya. Bai kashe mota ba.

"Merle."

"Na'am."

"Da ban yi komai ba fa? Da na zauna kawai?"

Na so in yi masa ƙarya, amma ba mu saba ba. "Da wannan rigar dai za ta sa, Clarrie. Sai dai a gidanka za ta cire ta."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce in tabbata ta ci abinci kafin ta kwanta, sannan ya juya motar ya nufi gada.